Kafin Ka Hau Mambila

Ɗana,

Mahaifiyarka ta kira ni, ta ce takardar aikinka ta fito, an tura ka wani asibiti a Gembu, kuma tun ranar ba ka zauna ba, kana bin ofis-ofis kana neman wanda zai sa baki a canza maka wuri. Ta ce in yi maka magana, tunda na sha ruwan wurin zamanin ina malamin dabbobi, lokacin ana Jihar Gongola, kuma har yau ban yanke zumunci da mutanen can ba. To ga tawa: ka bar yawon nan, ka tafi. Sai dai tafiya suna ta tara, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka, don in a waya ne kati zai ƙare magana ba ta ƙare ba.

Sanyi da hanya duk za ka saba da su. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne zaman tasha. Na ga ma'aikata da yawa da aka turo Mambila daga ƙasa suka yi irin zaman mai jiran mota: akwati a ɗaure a lungu, katifa a ƙasa, tukunya ɗaya, kullum kunne yana hedikwata ko an ji labarin canji. Ba su dasa ko barkono ba, ba su san sunan mai unguwarsu ba, ba su taɓa zuwa jana'izar kowa ba. Shekaru suka shuɗe, canjin bai zo ba, su kuma ba su zauna ba. Mutanen gari suna gane irin wannan baƙo tun makon farko, kuma ba sa wahalar da zuciyarsu a kansa. Su gaishe shi, su sayar masa, shi ke nan. Ran da ciwo ya kama shi cikin dare sai ya tarar ba shi da ƙofar ƙwanƙwasawa. Don haka ko wata shida ka san za ka yi, ka kwance kayanka duka, ka sayi gado, ka kafa ƙusa a bango ka rataye rigarka.

Ka fara sanin inda za ka. Mambila tudu ne a kudu maso gabashin Jihar Taraba, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu, Kamaru kuma ta rungume shi ta gabas da kudu. Tsayinsa daga teku wajen mita 1,600 ne. Kano da ka tashi a cikinta ba ta kai mita 500 ba, Jos ma da kuke zuwa kuna ɗaukar hoto da rigar sanyi wajen 1,200 take. Daga Jalingo za ka bi ta Bali zuwa Serti, ka isa Mayo Selbe a gindin dutse, daga nan hawa ya fara: kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya. Kunnuwanka za su toshe, ka haɗiyi yawu su buɗe. In kun kai sama sai Maisamari, sai Nguroje, sannan Gembu. Ka ba tafiyar yini guda cur, ka yi sammako, don hawan ya same ku da rana tsaka. Kada ka yarda a hau da kai dutsen nan da dare, ko da direba ya rantse maka ya san shi. In akwai motar ɗan can a tasha, ita za ka shiga ko ta fi sauran tsufa. Taka motar ka bar ta a gida tukuna. Ran da ka kai ta kuwa, ka tuna saukowa ta fi hawa haɗari. Da giya ake saukowa. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa tun bai yi rabi ba, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa.

A sama za ka ga abin da idonka bai saba da shi ba: tuddai lulluɓe da ciyawa iyakar ganinka, shanu a warwatse a kansu, layin itatuwan zaiti a gefen gari, ƙoramu a kowane kwari. Kada kyan ya ruɗe ka ka manta da damina. Ruwa yakan sauka tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma abin da ke zuba a shekara ya haura milimita 1,800, wato ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. Akwai ranakun da gajimare ke saukowa har tsakar gida, ka kasa hango katangar maƙwabcinka. Wanki yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba. Takalmin da ka ajiye a lungu ya yi fumfuna, gishiri ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa. Hanyoyin ƙauye su zama jar laka mai santsi, sai babur da tsofaffin Land Rover da ban san yadda aka yi suke raye har yanzu ba. Ka sayi takalmin roba mai tsawo da rigar ruwa ta kirki kafin ka sayi talabijin.

Wajen kama gida kada ka yi gaggawa. Ka sauka wurin abokin aiki na ɗan lokaci, ka zaga da ƙafarka. Gidan kwari ya fi araha, kuma da dalili: sanyi gangarawa yake yi da dare ya kwanta a ƙasa-ƙasa, danshi kuma ba ya barin bango. Ka nemi wanda hantsi ke dukansa, mai silin, mai tagogin da ke rufuwa ruf. Ka shafa bangon da tafin hannunka, ka ɗaga kai ka duba ko akwai tabon yoyo. Ka tambayi matan maƙwabta, ba mai gidan haya ba, inda ake ɗebo ruwa a watan Fabrairu. Wuta kuwa kada ka sa rai da ita. Ka yi tanadin sola, kuma duk abin da mai shago a Kano ya lissafa maka ka ƙara a kai, domin shi da ranar Kano ya yi lissafinsa, bai san akwai inda ake yini uku ba a ga rana sosai ba.

Yanzu ga wadda nake so ka karanta wa iyalinka da bakinka. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba yakan kai inda ruwan alwala ke sa yatsu su sandare. A irin wannan dare zuciya takan ce a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Kada ku yi, ko sau ɗaya. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba a ganinta, ba a jin warinta, ba ta tada mai barci. Ciwon kai da kasala ne farkonta, mai barci kuwa ba ya jin farkon. Kai ma'aikacin lafiya ne, na san an koya maka wannan a aji, amma abin da aka sani a aji yakan gudu in sanyi ya shiga ƙashi. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, taga a ɗan buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. Haka janareta, kada ya kwana a zaure ko kusa da taga. Bargo biyu, safa, hula, da tabarma ko darduma a kan siminti sun isa. Ruwan alwala kuma a zuba a fulas tun dare. Ladan sanyin shi ne azumi: ran da ka yi Ramadan a can, ka tuna yadda ake kwanciya a ƙasan siminti a jiƙa zani a Kano, za ka yi wa wanda ya tura ka addu'a. Gidan sauro dai kada ku yar. Sauro ya yi ƙaranci a sama amma bai ƙare ba, kuma duk saukar da za ka yi Serti yana nan yana jiranka.

Abinci ba zai dame ku ba. Masara ce tuwon wurin, ga dankalin Turawa, gwaza, wake, ayaba, fiya, kabeji, zuma, ga nono da man shanu da ba ka taɓa cin irinsu ba. Abin da ƙasar ta haifa yana da sauƙi, abin da mota ta hau da shi yana da tsada: fetur, siminti, shinkafa, sukari. Ku tafi da geronku na kunu da fura, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, a zuba su a robobi masu murfi saboda danshi. Ka kuma gaya wa 'yata, matarka, kada ta zargi hannunta in wake ya daɗe bai nuna ba. A wannan tsayi ruwa yana tafasa tun yana wajen maki 95, bai kai zafin da ta saba da shi ba. Ta jiƙa shi tun dare.

Tunda na ambace ta, bari in faɗi ra'ayina. Ka fara tafiya kai kaɗai, ka kama gida, ka gyara, sannan ka zo ka ɗauke ta. Amma ka ɗauke ta ɗin. Gidan da aka raba biyu, miji a kan dutse mata a birni, ana haɗuwa salla-salla, na ga ƙarshen da yawansu, ban ji daɗinsa ba. In ta zo kuma ka sani kai kana da wurin aiki, kana da masallaci, kana da teburin mai shayi. Ita bango huɗu gare ta da ruwan sama, babu uwa babu 'yar'uwa kusa. Kaɗaici ciwo ne, kuma a wuri mai duhun damina ya fi saurin kama mutum. Ka haɗa ta da matan maƙwabta tun makon farko. Ka bar ta ta je suna da biki da gaisuwar mutuwa, ta shiga Islamiyya, in tana da sana'a ta ci gaba da ita. Katin wayarta kada ya yanke. Sau da yawa mace ce ke buɗe wa baƙo ƙofar gari, domin kwanon abincin da ya tsallaka katanga yakan yi abin da gaisuwar maza ta shekara ba ta yi ba.

To, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu Hausawa an shagwaɓa mu. Duk inda muka sa ƙafa a Arewa, harshenmu ya riga mu isa, har muka ɗauka haka duniya take. A Mambila za ka tarar kai ne tsiraru. A cikin Gembu da Nguroje za a ji Hausarka, akwai ma Hausawa 'yan kasuwa da suka haifi 'ya'ya da jikoki a can. Amma harshen da ya haɗa kasuwa da ruga da ƙauye shi ne Fulatanci. Ga Mambilawa, waɗanda tudun ke ɗauke da sunansu, da harshensu wanda ke sauya kama daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ga Fulani, ga Kaka, ga Panso, ga Kambu, waɗanda da yawansu ke da dangi a tsallaken iyaka kuma suna jin Turancin buroka, ga Inyamurai masu shaguna. Tun da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru ya tsananta a 2017, 'yan gudun hijira ma sun ƙaru a kansu. Duk waɗannan za su zauna a bencin da ke ƙofar ofishinka. Tsohuwar da ta goyo jikanta ta sauko daga wani tudu tun asuba ba ta zo don ta koyi Hausa ba. Ka sayi ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta gaisuwa da sunayen gaɓoɓin jiki da kalmomin ciwo, da Fulatanci da Mambilanci. Ka nemi masinja ko mai shara a asibitin ya zama malaminka, ka riƙa yi masa ihsani. Za su yi maka dariya in ka karkace baki, ka bar su su yi. Wanda ya yi maka dariya yau gobe shi zai gyara maka. Kuma akwai kalmomin da muke jefawa a gida ba tare da tunani ba idan muna nufin wanda ba Musulmi ba ko wanda ba Bahaushe ba. Ka bar su a gindin dutse. A can za ka ga gida ɗaya wa yana zuwa masallaci ƙane yana zuwa coci, uwarsu ɗaya, tukunyarsu ɗaya.

Mutanen nan suna da tarihinsu, kuma bai bi ta inda namu ya bi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 mahara daga Banyo sun sha hawa tudun suna kamun bayi, kuma irin wannan ba ya fita daga bakin kakanni da wuri. Daga nan ƙasar ta shiga hannun Jamus a matsayin wani yanki na Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka danƙa wa Ingila riƙonta. Ko ranar 1 ga Oktoba 1960 da muka samu 'yanci, su ba 'yan Najeriya ba ne tukuna. Sai a Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, Arewacin Kamaru ta Ingila ya zaɓi Najeriya, aka haɗe a watan Yuni na shekarar, aka kira yankin Lardin Sardauna saboda Sir Ahmadu Bello. Sunan ƙaramar hukumar daga nan ya samo asali. Aka zo Gongola a 1976, aka zo Taraba a 1991. Wato da ƙuri'arsu suka shigo ƙasar nan, kuma za ka ji dattawansu suna tuna wa mutum haka idan ana maganar hanya da wuta da aka daɗe ana yi musu alkawari. In sun faɗa, ka saurara, suna da hujja.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ce jijiyar wurin. Tudun ba shi da ƙudan tsando, ga ciyawa ga ruwa, don haka tun wajen shekarun 1940 makiyaya suka riƙa hawowa da shanu da yawa, hukumar lokacin kuma tana murna saboda jangali. Manoma suna noma kwari da gefen tudu, shanu suna kiwo a sama. Mutane suka ƙaru, shanu suka ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Daga baya masu hali, ciki har da manyan da ba sa ma kwana a can, suka samo takardun mallaka suka zagaye tuddai da waya. Manomi yana ganin gonar kakansa a bayan waya. Makiyayi yana riƙe da takarda yana cewa a nan aka haifi ubansa. Na yi aiki a tsakaninsu, na sha nono a ruga na ci tuwo a ƙauye, kuma ban ga ɓangaren da ba shi da abin faɗa ba. An zubar da jini a kan wannan a farkon 2002, aka sake a watan Yunin 2017, kuma kusan duk wanda za ka gaisa da shi ya rasa wani ko ya rasa wani abu.

Ga inda hatsarinka yake. Kana Musulmi, kana Bahaushe, tun kafin ka buɗe baki wasu sun riga sun ajiye ka a wani layi. Waɗansu za su jawo ka da fara'a, a zauna bayan isha'i a ba ka labarin abin da "su" suka yi. Waɗansu kuma za su yi shiru in ka shigo, suna jiran su ga inda ka karkata. Ka ji na kowa, ka jajanta wa kowa, domin hawayen duka na gaskiya ne, amma kada ka yanke hukunci a shari'ar da ta girmi mahaifinka. Kada a ji ra'ayinka a teburin mai shayi. Kada ka tura wani saƙo ko hoto a waya kan rikicin wurin, ko da dangi ne suka tambaye ka daga gida. Abin da zai wanke ka shi ne layin asibiti: wanda ya riga zuwa ya riga shiga, sai fa wanda ciwonsa ya fi tsanani. Ran da ka tsallake mai zani ɗaya ka kira mai babbar riga don kun yi sallah sahu ɗaya, kafin magariba labarin ya kai ƙauyen da ba ka taɓa jin sunansa ba. A ƙaramin wuri ba a ɓoye komai. In kuma aka shaide ka da adalci, ran da gari ya ɗau zafi, Allah ya kiyaye, za ka ga wanda ba ka zata ba ya zo ya ce maka kada ka bi hanya kaza yau.

Cikin kwanakinka na farko ka sa wani dattijo a wurin aikin ya raka ka gaida mai unguwa da limami, in da hali har fadar sarki. Ka riƙe ɗan goro ko abin da aka saba kaiwa. Ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Idan maƙwabcinka Kirista ya yi rashi, ka je ka zauna ka yi masa ta'aziyya. Kuma ka rage saurin baki irin na birni. Mutumin tudu yakan yi gaisuwa mai tsawo kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, wani lokaci sai ya miƙe zai tafi sannan ainihin maganar ta fito. Haka ma marar lafiya. In ka katse shi da "me ke damunka?" tun bai gama tambayar iyalinka ba, zai ce maka ciwon kai ne, ya karɓi magani ya tafi da ciwonsa. Ka kuma tuna wanda ka ce wa "dawo gobe" wataƙila tafiyar sa'o'i ya yi a ƙafa, ko ya biya kuɗin babur da ya kai kuɗin maganin, ko ya tsallako kogin Donga a kwalekwale. Abin da za a iya gamawa yau a gama masa yau.

Kuɗi kuma za su zo maka da murya mai daɗi. Akwai wurin haƙar wani shuɗin dutse mai daraja da ake kira safaya a Mayo Sina, wajen Nguroje. Ba za ka daɗe ba wani zai zo ya buɗe maka ƙyalle ya nuna maka 'yan duwatsu, ya ce ka sa albashin wata biyu a rami ku raba riba. Labarin wanda ya samu kowa ya san shi, waɗanda suka zuba dukiyarsu rami ya haɗiye ba a ba da nasu. Kai ba ka san dutse ba, ba ka san mai saye ba, ka bar wa masu shi. Wani kuma zai kawo maka fili, ya ce in aka fara madatsar wutar Mambila kuɗinsa zai ninka goma. Wannan madatsa tun ina saurayi ake maganarta. An ce megawat 3,050 za ta bayar, a 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8, ga shi furfura ta cika mini kai ina jira. Allah ya sa a yi, amma kada ka sa kuɗin makarantar 'ya'yanka a kan alkawarin gwamnati. Fili dai a Mambila, ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka ce sai ka yi shawara. Wanda bai san iyakar gonakin wuri ba yakan sayi rigima da kuɗinsa. In kana son abin taɓawa, ka roƙi mai gidanka ɗan bayan gida ku shuka kabeji da karas da dankali. In zama ya yi zama, ka sayi 'yar karsana ka ba amintaccen makiyayi kiwo bisa sharaɗin da aka yi a gaban shaidu. Wannan na san kansa, kuma in ka tashi zan gaya maka abin da ake dubawa a baki da kofato.

Kada kuma ka zauna tsakanin asibiti da gida kawai har a canza ka. Ran hutu ka ɗauki iyalinka ku je Kakara ku ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea; yawancin masu shan shayi a ƙasar nan ba su taɓa ganin ganyensa a jikin itace ba. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai dajin Ngel Nyaki, ragowar irin kurmin da ke kan tuddan nan tun da, har masana daga ƙasashen waje suke zuwa nazari a cikinsa. A ƙasa kuma ga gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane girma a Najeriya, ofishinsa yana Serti, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, ƙololuwar da babu ta biyunta a ƙasar nan. Ban ce ka hau ba, na san gwiwoyin gidanmu. Amma abin kunya ne a ce ka zauna kusa da shi, ɗanka ya zo ya karanta a littafin makaranta ya tambaye ka, ka ce ba ka ko leƙa wajen ba. In za ka kasuwannin bakin iyaka irin su Dorofi, ka riƙe katin shaidarka, kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba.

Gida kuma kada ka yar da shi, an ce kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ka sa ranar da kake kiran mahaifiyarka, ka riƙe ta. In sabis ya ɗauke, za a nuna maka tudun da ake hawa a samu. Ka riƙa ware kuɗin mota na gaggawa a wuri daban wanda ba a taɓawa, domin daga Gembu ba a cewa "ga ni nan zuwa" a iso da yamma. Ka gaya wa 'yan'uwanka tun yanzu cewa ba kowane biki za a gan ka ba, don kada a ƙullace ka. Hutunka na shekara ka daidaita shi da rani, lokacin da hanya ta bushe.

Ita kuma mahaifiyar taka, maganin hankalinta ɗaya ne: ta ga wurin da idonta. In kun kintsa, ka zo ka ɗauke ta wajen watan Maris, lokacin da zafi ya fara gasa Kano, sanyin can ya sassauta, ruwa kuma bai riga ya ɓata hanya ba. Ka biya mata kujerar gaba, ka sa ta karya da abu marar maiƙo, ka riƙe mata citta ko lemun tsami saboda jiri a kwanonin dutse. Ku kwana a Jalingo ko Serti, kada ku yi mata tafiyar a yini ɗaya. Ka tanadar mata bargo nata na kanta da rigar sanyi mai kauri, don na san ta, za ta ce mayafinta ya isa.

Ka gaida mini 'yata da yara. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Kawunka.